Mun Sallami Makaɗi, Mun Ɗauko Salula

A ƙarshen shekarar karatun da ta wuce, makarantar da nake koyarwa a nan Yamai ta yi bikin rufe shekara kamar yadda aka saba. An kafa rumfuna, an jera kujerun haya, iyaye mata sun sha ado, an kuma ɗauko wani saurayi mai kayan sauti da lasifika biyu, kowace ta kai tsawon ɗan aji uku. Ƴan matan aji biyar suna tsakiyar rawar da suka yi wata guda suna koyo, sai wuta ta ɗauke. Yara goma sha biyu suka daskare a tsakar fili, hannuwa a sama, kowa ya zuba wa lasifika ido. Aka tura neman injin wuta. Muna cikin jira, mai gadinmu, wani dattijo da ba ya son shiru, ya jawo jarkar ruwa da ba kowa a ciki ya fara bugawa. Ƙananan yaran da suka biyo iyayensu suka zubo fili suna tsalle. Su kuwa ƴan rawarmu, waɗanda muka horar, ko ƙafa ba su ɗaga ba. Na ce da ɗaya daga cikinsu ta shiga mana, sai ta ce: "Mushe, ai ba wannan ce waƙarmu ba."

Gaskiya yarinyar ta faɗa. Ba mu koya mata sauraron kiɗa ba. Abin da muka koya mata shi ne kwaikwayon wani bidiyo da aka sauke a salula, daƙiƙa bayan daƙiƙa. Da salula ta yi shiru, ita ma ta yi shiru. Wannan laifi namu ne, mu malamai da iyayen yara, kuma a kansa nake son mu yi magana ba tare da rufa-rufa ba.

Bari in fara da kalmar da wasu ke jin tsoro, wato bale. In aka ambace ta, abin da ke zuwa zukatan mutane shi ne Baturiya sanye da ɗan guntun farin siket tana tsaye a kan yatsun ƙafa. Akwai wannan, ba musu. Rawa ce da ta taso a fadojin Italiya, ta girma a Faransa, inda Sarki Luwi na 14 ya kafa mata makaranta a 1661, daga baya Rasha ta karɓe ta ta kai ta ƙololuwa. Amma wanda ya tsaya a kan siket bai ga komai ba. A manyan gidajen wasa na can, akwai wani rami a gaban dandamali inda makaɗa sittin ko fiye ke zaune: masu goge iri-iri, masu sarewa, masu ƙaho, masu ganguna. Jagoransu yana tsaye da ƴar sanda, ido ɗaya a kan makaɗa, ɗaya a kan ƙafafun masu rawa. In mai rawa ta daɗe a juyi, ya ja kiɗan ya jira ta. In ta yi sauri, ya bi ta. Wasan da ake kira Le Lac des Cygnes a Faransanci, wanda Tchaikovsky ya tsara wa kiɗa, an fara nuna shi a Mosko tun 1877, kuma har yau manyan gidajen nan suna biyan makaɗa albashi su zauna a ramin nan su buga shi da hannu. Mutanen da suka ƙera rediyo da kaset da salula ke nan. Ba su rasa lasifika ba. Sun san abin da lasifika ba za ta iya ba.

Wani lokacin ma har da rukunin mawaƙa. A 1923, a birnin Paris, aka nuna wani wasa mai suna Les Noces, wato bikin aure. Stravinsky ne ya yi kiɗan, wata mata Bronislava Nijinska ta tsara rawar. Kayan kiɗan piyano huɗu ne da ganguna da ƙararrawa, sai mawaƙa huɗu masu bayarwa da taron masu amsawa. Labarin kuwa auren ƙauye ne a Rasha: ƙawaye na yi wa amarya kitso tana kuka, ana shirya ango, iyaye mata na kukan rabuwa da ƴaƴansu, a ƙarshe a raka ma'aurata ɗaki. Ku gaya mini, wace Bahaushiya ce ko Bazabarmiya za ta kalli wannan ta ce baƙon abu ne? Mun san kamu, mun san sa lalle, mun san kukan amarya ranar da za a kai ta. Mutumin nan waƙoƙin ƙauyawan ƙasarsu ya tattara ya ɗora a kan dandamali, duniya ta tafa masa shekara ɗari. Mu namu muna jin kunyarsu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, a wannan yanki namu malaman makaranta ne suka haifi bale, ba wasu ba. A makarantar horon malamai ta William Ponty da ke Senegal, inda su Bubu Hama da Jori Hamani da Jibo Bakari suka yi karatu, akan tura ɗalibai gida lokacin hutu su tattaro tatsuniyoyi da waƙoƙi da al'adun garuruwansu, in sun dawo su mai da su wasan dandamali. Daga wannan makaranta Keita Fodeba na ƙasar Gine ya fito. Ya riƙe alli kamar ni da ku kafin ya tafi Paris, inda ya kafa ƙungiyar Les Ballets Africains a farkon shekarun 1950. Bayan Gine ta sami ƴancin kai a 1958, ƙungiyar ta zama ta ƙasa, ta zaga duniya da ganguna da kora da balafon da muryoyin mata. Sunan bale kawai ya ara. Kiɗan da rawar da labarin duk na gida ne. A 1977 kuma Shugaba Senghor da Maurice Béjart suka buɗe makarantar rawa ta Mudra Afrique a Dakar, suka damƙa ta a hannun Germaine Acogny, wadda daga baya ta kafa École des Sables a Toubab Dialaw, bakin teku. Har yau matasa daga ƙasashen Afirka suna zuwa can koyon rawar zamani, kuma ganga ce ke yi musu jagora.

Mu ma a Nijar ba a bar mu a baya ba. Duk wanda ya manyanta zai tuna makon matasa na zamanin Jori, da kuma babban bikin matasa na ƙasa da aka riƙa yi a zamanin Seini Kunce, wanda ya hau mulki a 1974. Samariya ce ƙashin bayansa. Ana fara gasa daga unguwa, a je gunduma, a je jiha, sannan gwanaye su haɗu a garin da aka zaɓa a shekarar, domin bikin yana zagaya manyan garuruwa ne: Damagaram, Tawa, Maraɗi, Agadas, Doso, Difa, Yamai. Cikin fannonin gasar akwai wasan kwaikwayo, akwai waƙa, akwai kuma wanda ake kira bale da wannan suna. Menene shi? Labari ne da ake bayarwa da jiki: fari da yunwa, auren dole, zuwa cirani, jaruntakar magabata. Makaɗa na zaune gefe da ganga da kalangu da goge da gurumi da sarewa, zabiya na bayarwa, ƴan amshi na karɓa, matasa ashirin ko talatin na taka rawa a tare ba mai kuskure. Wato dai rukunin makaɗa, rukunin mawaƙa da masu rawa, duk a raye, daidai da abin da ake yi a Mosko, sai dai da kayanmu da harsunanmu.

Ni ina yaro ƙarami lokacin da Kunce ya rasu a 1987, saboda haka ƙarshen abin na tarar. Amma yayata tana cikin ƴan amshin Samariyar unguwarmu, kuma ina tuna yadda nake bin ta wurin gwaji bayan sallar isha'i, in zauna kusa da mai kalangu har barci ya kwashe ni. Wanda ke tsara musu wasan malamin firamare ne. Shi ke rubuta labarin a littafin ɗalibai, shi ke zuwa wurin tsofaffi neman waƙar da ta dace. Ba zan ɓoye ba, gwamnatin soja ta yi amfani da wannan biki wajen tallata kanta, kuma an yi waƙoƙin yabo da yawa da ba su da wani amfani. Amma yayata Bahaushiya ta iya waƙar Zabarmanci da ta Fulatanci da ta Barebari daga wannan dandali, ta san takun Buzaye ba ta taɓa zuwa Agadas ba. Ku nuna mini darasin zaman tare da ke cikin littattafanmu na yau wanda ya kai wannan shiga jiki.

To me ya sa nake nacewa a kan kiɗan da ake bugawa a gaban yaro? Domin ni malami ne, kuma na ga abin da yake koyarwa. Mai kalangu yana kallon mai rawa. In yaro ya yi jinkiri, zai sassauta ya ɗauko shi. In yarinya ta yi wani taku mai kyau, zai sake maimaita wurin don ta ƙara, ya buga mata take, jama'a su yi guɗa. Yaron kuma dole ya buɗe kunne, domin bai san lokacin da kiɗa zai sauya ba, kuma Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Ƴan amshi dole su jira zabiya ta kai ƙarshen baiti kafin su shiga, su shiga tare, su fita tare, kada muryar wata ta danne ta sauran. Sauraro ke nan, da jira, da ƙidaya, da haddace dogon zance, da haƙuri da wanda bai iya ba. Su ne abubuwan da muke kuka kullum a ɗakin malamai cewa yaran yanzu ba su da su. Muna cewa ba sa natsuwa, ba sa riƙe karatu, ba sa iya aiki a rukuni. Sannan mu ɗauki abu ɗaya da ke koyar da waɗannan duka cikin nishaɗi mu jefar, mu kawo na'urar da ba ta ganin yaro, ba ta jiran sa, ba ta san ma yana wurin ba.

Na san amsoshin da za a ba ni, domin na sha jin su a taron iyayen yara.

Na farko za a ce: malam, muna da azuzuwan zana, yara na zaune a ƙasa, kana maganar rawa? Wannan magana tana da nauyi, ba na raina ta. Ba wanda ya manta gobarar da ta cinye yara ƙanana a azuzuwan zana na unguwar Pays-Bas a watan Afrilun 2021, da wadda ta biyo baya a Maraɗi a watan Nuwamba na shekarar. Gina aji ya fi komai gaggawa. Amma ni ban ce a cire ko dala daga kuɗin gini ba. Kuɗin biki nake magana, wanda dama ana kashewa kowace shekara. A makarantarmu an tara kuɗi daga iyaye, aka ba mai kayan sauti jaka arba'in don yini ɗaya, ban da kuɗin mai na inji. Da wannan kuɗi za a iya sallamar mai ganga da mai kalangu na unguwa su zo gwaji sau ɗaya a mako har wata biyu. Talauci ba shi ya kawo DJ makaranta ba. Lalaci ne da son a ce mun waye.

Na biyu za a ce: addini. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, kuma na san malamai sun yi maganganu mabambanta a kan kiɗa. Uban da ya ce ƴarsa ba za ta yi rawa ba yana da haƙƙi, kuma wajibi ne makaranta ta girmama shi ba tare da an tsangwami yarinyar ba. Amma ina roƙon iyaye su dubi abin da ke faruwa a zahiri. Ba a daina rawa a makarantunmu ba. Abin da aka daina shi ne rawar da babba ke kula da ita. Da idona na ga yara ƴan shekara takwas suna karkaɗa ƙugu a gaban iyayensu, da waƙar da in aka fassara kalmominta ba uban da zai iya zama a wurin. Mun yi shiru saboda da wani harshe ake yin ta. Amma a ce za a kawo tsohuwa ta koya wa ƴan mata waƙar gaɗa, ko waƙar daka, ko ta raino, da zanensu da kallabinsu, sai a fara gyaran murya. In tarbiyya muke nema, waƙar da malami da iyaye suka zauna suka tace kalmominta ta fi wadda aka sauko da ita daga TikTok da tsakar dare. Ƴan mata su yi nasu, samari su yi nasu, kamar yadda dandali ya gada. Wannan ba abu ne mai wuya ba.

Na uku, kuma shi ne wanda ba a faɗa da ƙarfi: makaɗi maroƙi ne, ɗana ba zai zauna da maroƙa ba. A nan ne munafuncinmu ya fi fitowa fili. Muna son kiɗa a ranar suna da ranar aure, muna son sa a filin kokawa lokacin da ake neman takobi, amma muna ƙyamar hannun da ke buga shi. Ƙasar da ta sa sunan Ɗan Gurmu a kan babbar gasar waƙa, ta sa sunan Jado Seku a kan gidan matasa na Yamai, ta sa sunan Alhaji Taya a kan cibiyar koyar da kiɗa, ita ce kuma malamanta ke jin nauyin shigo da mai goge harabar lakwal. Ku tuna da Malam Maman Barka, wanda ya rasu a 2018. Malamin makaranta ne kafin duniya ta san shi da gurumi. Da ya ji cewa biram, kayan kiɗan masuntan Buduma na tafkin Cadi, ya kusa ɓacewa saboda tsoho ɗaya ne ya rage da ya iya shi, sai ya tashi ya je ya durƙusa a gaban Bukar Tar ya koya, ya kuma fita da shi ƙasashen waje. Wannan abokin aikinmu ne. Bai ga alli da tsirkiya a matsayin abokan gaba ba. Kayan kiɗa nawa ne yau ke hannun tsoho ɗaya a unguwanninmu, mu kuwa muna wucewa ta ƙofar gidansa za mu hayar lasifika?

Na huɗu za a ce bale kayan Turawa ne, mu kuwa yanzu muna zamanin komawa ga namu. Madalla. A 2024 an sauke sunan De Gaulle daga babban titi an sa na Jibo Bakari, cibiyar al'adu da ke ɗauke da sunan Jean Rouch ta koma ta Mustafa Alasan, a 2025 kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma sauya allon suna aikin yini ɗaya ne. Yaron da ke bin titin Jibo Bakari zuwa makaranta, in bai iya waƙa ɗaya ta kakarsa ba, me aka mayar masa? Kuma komawa ga namu bai hana mu koyon darasi daga wanda ya riƙe nasa da kyau ba. A Kinshasa, wasu mutane da yawancinsu ba su taɓa shiga makarantar kiɗa ba sun kafa babban rukunin makaɗa da mawaƙa a 1994, suna gyara kayan kiɗansu da hannunsu, har suka kai ga buga manyan ayyukan Beethoven. Ba na cewa mu sayo piyano huɗu. Ina cewa mu ɗauki ganga da muhimmancin da su suka ɗauki nasu.

Mu malamai, mu fara da kanmu, domin laifi tudu ne. Waƙa tana cikin jadawalin firamare. Mu nawa ne muke yin ta? Sau nawa muka mai da lokacinta na ƙarin lissafi, ko na gyaran takardu, ko muka ce yara su kwantar da kai a kan tebur? Lokacin da nake makarantar horon malamai, abin da muka fita da shi a wannan fanni bai wuce ƴan waƙoƙin Faransanci da muka haddace don jarrabawa ba. Ba wanda ya nuna mana yadda ake raba aji gida biyu, masu bayarwa da masu amsawa, ko yadda ake zama da makaɗi a tsara wasa. Ya kamata makarantun horon malamai su gyara wannan, su riƙa gayyato masana daga cibiyar Alhaji Taya da tsofaffin ƴan Samariya tun suna raye. Amma kada mu fake da jiran ma'aikatar ilimi. Ga abin da kowace makaranta za ta iya yi a bana.

A taron farko na kwamitin kula da makaranta, a yanke cewa a bikin ƙarshen shekara aƙalla wasa ɗaya za a yi shi ba lasifika. A nemi makaɗi ɗaya ko biyu a unguwa, a yi ciniki da su a fili, a biya su haƙƙinsu kamar yadda ake biyan mai gyaran benci, a kuma kira su malam a gaban yara. Ƙungiyar iyaye mata ta zaɓo tsofaffi biyu su kawo waƙoƙi, na Hausa da na Zabarmanci da duk harshen da ke cikin ajin, domin a Yamai ba ajin da harshe ɗaya ke cikinsa. Yara da kansu su kawo labarin da za a taka. Wanda ba zai yi rawa ba ya shiga amshi, wanda ba zai yi amshi ba ya buga ƙwarya, wanda iyayensa suka hana duka ya rubuta labarin ko ya zana kayan wasa. Makarantu huɗu ko biyar na yanki ɗaya su haɗu su yi gasa. Waɗanda suka yi fice a nema musu rana a dandalin Umaru Ganda, wanda ke ɗaukar dubban mutane, iyayensu su zo su gani.

Ku kuma iyaye, in an kawo muku takardar karo-karon biki, ku tambaya me za a yi da kuɗin. In an ce DJ, ku ce ba ku yarda ba. In ɗanku ya dawo gida yana buga gwangwani, kada ku ce zai lalace. Ku tambaye shi wa ya koya masa, ku je ku gaishe da mutumin.

Mai gadinmu ya gaya mini daga baya cewa mahaifinsa makaɗin noma ne, shi ma ya yi shekaru yana bin sa gona kafin ya zo birni. Shekara tara yana buɗe mana ƙofa, ba wanda ya taɓa tambayar sa. Na riga na shaida wa darakta cewa a bana ƴan ajina da shi za su yi gwaji, ranar Laraba da yamma, kuma na sa kuɗina na farko don a sayo masa ganga. Duk malamin da ke ganin na yi kuskure, ƙofar ajina a buɗe take, ya zo ya zauna ya saurara tukuna, sannan mu yi gardama.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu ikon sauke amanar da muka ɗauka.